Rijiyar da Ta Ƙafe, Shafi Bai Sani Ba

Kassimu yaro ne mai kai, mutumin garin Isa, amma ba shi son a gyara mishi magana. Shekarar da damina ta yanke tun gero bai kai gwiwa ba, wata ƙungiya ta ɗauke shi aiki, shi da Zainaba wadda sunka yi karatun kwamfuta tare. Anka ce su gina shafi a intanet da makiyaya za su buɗa a waya su ga rijiyar da ke da ruwa, tun daga Kamarawa har Burkusuma. Masu gadin rijiyoyi ke turo labari. Shuɗi, akwai ruwa. Ja, ta ƙafe.

Manhajar da suke gini da ita hanya biyu gare ta, kamar sai da fura. Ko ka dama duka tun safe ka jera, mai saye ya ɗauka ya wuce. Ko kuwa sai mutum ya zo ka dama mishi sabuwa, ya ɗan jira. Kassimu ya zaɓi ta farko, don shafin ya riƙa buɗewa da sauri.

Zainaba tac ce, "Kassimu, bari shafin ya riƙa ɗauko sabon labari duk sa'ad da anka buɗe shi. Ruwa ne fa, yau akwai, gobe babu."

"Ke, da wane sabis? Ki je Tozai ki buɗe ki gani, sai kin yi jika. Nawa kamar walƙiya."

"To wa za shi sabunta shi?"

"Ni mana, Hajiya matsoraciya. Kullum safe za ni latsa."

Ya latsa na 'yan kwanaki. Da yabo ya yi yawa, sai ya tafi Sakkwato nuna shafin wurin taro, ya miƙe ƙafa can. Mai gadin wata rijiya ta wajen Burkusuma ya turo cewa ta ƙafe. Saƙon ya iso, amma shafi bai canza ba.

Kawun Kassimu, Labbo, bai iya karatu ba, launi kawai ya sani. Ya ga shuɗi bisa wannan rijiyar ta wajen Burkusuma. Ya bar rijiyar kusa saboda cunkoso, ya kora garkenai cikin rana, shina faɗa wa mutane ɗan ƙanwatai ya nuna mishi ruwa. Laka busassa ya tarar. Shanun ba su iya komowa ba, wajen rijiyar mafi yawansu sunka kwanta.

Ranar da Kassimu ya dawo, ya iske kawun zaune a zaure, leɓɓa duk sun tsage. Bai yi faɗa ba. Waya ya miƙo.

"Buɗe min."

Nan take ta buɗe. Shuɗi.

"Lalle tana da sauri," in ji Labbo. "Maida ta ja, ɗana. Maƙwabcina Na'Allah ya bi sawuna da nashi garken tun jiya, kuma can babu sabis da za a kira shi."

Jama'a, in za ka zaɓi yadda za ka gina abu, fara duban mi za shi ɗauka da wa za shi dogara da shi. Labarin da ke canzawa kullum ba a jingina shi ga alkawarin mutum guda. Kuma in abokin aiki ya ja hankalinka, saurara tun ba a yi hasara ba.