Uwar da Ta Kawar da Kai

A zamanin da, a Birnin Tsamiya mai ƙofa tara, an yi wani sarki ana ce masa Barmo ɗan Gajere, gagara-gasa, toron giwa, wanda maza ke jin kakakinsa su arce. Amma ranar da guguwar tsakar rana ta sure matarsa Tabawa daga bakin rijiya, sai ya haɗa kai da gwiwa, don takobi ba ya saran iska. Malamai suka duba suka ce tana hannun Zarƙami sarkin aljannu, kuma ba mai karɓo ta sai wanda ya sha nononta. Sai 'yarsu Kubura, mai shekara goma sha uku, ta ɗaure zane ta kama hanya.

Ta ƙetare kogin da ke gudu da baya, ta ratsa birnin tagulla inda kasuwa ke ci ba a ganin mai saye balle mai sayarwa, ran kwana arba'in ta faɗi gaban Zarƙami, baƙi wuluk, dogo zanƙalele, idanu jajawur.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, uwata na zo biɗa."

Ya tafa hannu, sai ga mata biyu, kama ɗaya sak. Ya kafa mashi a ƙasa ya ce, "Ɗaya uwarki, ɗaya ƙanwata. Kama hannun uwar taki kafin inuwar mashin nan ta taɓa ƙafarki, na sallame ku. In kin kuskure, ke da uwarki kun zama bayina har busa ƙaho."

Ta dama ta ware hannu tana kuka. "Kubura! Kubura 'yata, zo gare ni!" Ta hagu kuwa ta ja mayafi, ta kawar da kai, ko uffan.

Kubura ta daɗe tana marmarin irin wannan kira, har ta yi taku biyu zuwa dama. Inuwa saura ƙiris. Sai ta tsaya cak. Ita fa 'yar fari ce, kuma tun da aka haife ta uwarta ba ta taɓa kama sunanta ba, balle ta rungume ta gaban sarki da fadawa. Aljana ta iya satar kama, amma ina ta san kunyar ɗan fari?

Ta juya ta damƙe hannun ta hagu. "Inna, mu tafi gida."

Ta dama ta kurma ihu ta zama hayaƙi. Zarƙami ya ciji yatsa, amma alkawari kaya ne, dole ya buɗe musu ƙofa.

Da suka yi nisa, ba idon kowa, Tabawa ta dubi yarinyar tana ɗingishi, hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Ke, hau." Ta goya ta kamar jinjira, ta ratsa daji da kogi da ita. Sai da suka hango ganuwa, suka ji tambura na tashi, sannan ta sauke ta, ta gyara mayafi, ta shige gaba, kada mutane su gani.