Zakaran Kande da Darasin Waya

Dalilin da ya sa Gwaggonku Asabe take kiranku ku yi mata surutu kafin ta fara darasinta na waya, ku matso in faɗa muku. Kai Ɗanliti, cire yatsa daga hanci.

Da can ba haka ake yi ba. Lokacin da kwalejin horar da malamai ta garin nan ta fara koyarwa ta waya, ɗalibi yana ɗakinsa, malami yana ofishinsa. Ba a kunna hoto, wai yana cin data. Sunanka kawai zai fito, shi ke nan ka zo aji.

To akwai wani Malam Ilu, mutum ne mai zargi, ko gaishe shi ka yi sai ya duba bayanka. Da damina ta sauka sai ya ga ajinsa kullum a cike, amma in ya ce, "Kun gane?" murya ɗaya ce ke amsawa, ta wata ɗaliba Kande.

Ya ce, "Ina Hakilu?"

Kande ta ce, "Malam, sabis ne ke ba shi wahala."

"Jummai fa?"

"Ita ma sabis."

"Ke kaɗai sabis yake ƙauna?"

Washegari ana cikin karatu, sai Malam Ilu ya danna wani abu daga wajensa da ke roƙon kowace waya ta buɗe murya. Kande ta rikice, ta bi ta amsa musu duka. Can sai zakara ya yi cara. Carar nan ta fito ta wayar Hakilu, ta fito ta wayar Jummai, ta fito ta kowace waya a lokaci guda, har da ɗan tarin da zakaran yake yi a ƙarshe.

Malam Ilu ya ce, "Ikon Allah. Hakilu yana ƙauyensu, Jummai tana nasu, amma zakara ɗaya gare ku?"

Ashe duk sun tafi gona. Da safe sai su kawo wayoyinsu gidan Kande, ta jera su a tabarma, ta shigar da kowa aji, da yamma ta maimaita musu karatun.

Malam Ilu ya ce korar Kande za a yi, tunda ita ce uwar shirin. Ita kuwa shekarar ƙarshe take, ta sha wuya kafin ta kai nan. Ta ce, "Malam, na yi laifi. Amma ka sa darasi da hantsi, lokacin noma. In sun zauna sauraronka, gero ba zai jira su ba."

Malam Ilu ya duba jadawalin darasinsa. Sannan ya ce, "Na mayar da shi bayan la'asar, kuma ba za a kore ki ba. Amma ban ƙara yarda da suna ba. Kafin in fara, kowa zai buɗe murya in ji hayaniyar gidansu. In na ji gida ɗaya sau biyu, ku duka kun tafi."

Sauran malamai suka ji, suka ɗauka.

Gwaggonku ma ɗalibar kwalejin ce yanzu. Shi ya sa har yau, la'asar na yi, Gwaggonku take cewa ku zo ku yi ihu a bakin wayarta. Ku yi mata da ƙarfi. Amma da malami ya ce "na ji", wanda ya ƙara tari ni da shi ne.