Tulunan da Aka Zuba wa Zuma

A wata ƙasa mai tuddai akwai wani mutum, manomi, wanda yake da gonar inabi a gefen dutse. Irin farin inabin nan ne mai ƙananan 'ya'ya, wanda ko ya nuna ba ya rasa ɗan tsami. Mutumin nan bai taɓa zuba wa gonarsa takin zamani ba, bai kuma taɓa fesa mata maganin ƙwari ba. Kashin shanunsa yake tarawa da ganye da toka, ya bar su su ruɓe, sa'an nan ya kai gindin kowace kuringa. Zabi yake sakewa cikin gonar su tsince ƙwari. In zai datse rassa sai ya dubi kwanan wata tukuna, kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi. Maƙwabta sukan yi masa dariya, su ce yana renon ƙasa kamar jariri. Shi kuwa ko a jikinsa, gama ya san abin da yake yi.

Wata shekara sanyi ya daɗe, rana ba ta yi ƙarfi ba, inabin ya nuna a makare. Mutumin da matarsa suka tsinke, suka matse, suka zuba ruwan cikin tuluna. Da ya gama tafasowa ya lafa, sai suka toshe bakunan da yumɓu, suka jera su a wani ɗaki mai sanyi da ya haƙa a jikin dutsen. Da kuɗin wannan ruwan inabi suke cika rumbu kowace shekara, gama ƙasarsu ba ta yin hatsin kirki.

Da lokacin sayarwa ya yi, sai ƙanen matar ya zo. Shi ɗan kasuwa ne, yana yawo gari gari da jakunansa. Mai gonar ya buɗe tulu guda, ya zuba masa a ƙoƙo. Ruwan garau yake, da ɗan kore-kore kamar ganyen da bai ƙosa ba. Ɗan kasuwa ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya tofar.

Ya ce, "Yaya, haƙorana sun mutu. Wa zai sayi wannan?"

Mai gonar ya karɓi ƙoƙon. Ya sunsuna a hankali, ya kurɓa, ya juya shi cikin bakinsa. Can ya ce, "Tsami iri biyu ne. Akwai na abin da ya lalace, wanda yake sukar hanci tun bai kai baki ba. Akwai kuma na ɗanyen mangwaro, wanda yake tsinka maka yawu amma ba ka jin ƙyama. Wannan bai lalace ba. Ƙuruciya ce. A ba shi shekaru."

Ɗan kasuwa ya yi dariya ya ce, "Shekaru ake tuƙa tuwo da su? Ba ni tulunan. In zuba musu zuma, in kai kasuwa, kafin sabon wata sun ƙare."

Mai gonar ya ce, "In ka zuba zuma zai yi daɗi yau, amma da zafi ya sauka zai sāke tafasa. Ka kuma sayar wa mutane da abin da ba shi ne ba."

Matar tana tsaye a bakin ƙofa, ta ji dukan maganarsu. Da ƙanenta ya fita duba jakunansa, sai ta ce wa mijinta, "Maigida, na leƙa rumbu da safe. Har na ga ƙasansa. Na san kai ne ka san inabi, amma ni ce nake auna tsaba."

Maganar ta shige shi, gama gaskiya ta faɗa. Ya daɗe yana duban tulunan. Sa'an nan ya ce, "Ke ma kin sha rana a gonar nan kamar yadda na sha. Rabi naki ne, ki yi yadda kika ga dama da shi. Amma ki bar mini rabin."

Haka kuwa aka yi. Ɗan kasuwa ya ɗora rabin tulunan a kan jakuna, ya zuba musu zuma, ya shiga kasuwanni. Da fari mutane suka yi ta rububi, suna cewa ba su taɓa shan mai zaƙi irin wannan ba. Ya aiko wa 'yar'uwarsa da hatsi, aka ci aka ƙoshi. Amma da bazara ta yi, zafi ya sauka, sai tulunan suka fara kumfa a gidajen waɗanda suka saya. Waɗansu suka tunkuɗe murfinsu, waɗansu suka fashe, suka malale a ƙasa. Waɗanda ba su fashe ba suka zama abin da ko kare ba zai lasa ba. Ba wanda ya tuna da zuma, sai aka ce gonar mutumin nan ce ba ta da albarka. Shekarar da ta biyo ba wanda ya taka ƙofarsa neman inabi.

Ya zama sai mai gonar ya riƙa zuwa ƙodago a gonakin maƙwabtan da suke yi masa dariya, yana datse musu rassa. Matarsa kuwa ta shiga yi wa mutane surfe da daka, har tafin hannunta ya yi kanta.

Wata rana da ya komo daga aiki a gajiye, ta ce masa, "Maigida, ka zubar da sauran nan, ko ma sami tulunan mu sayar. Kowa ya ce ya lalace."

Ya tashi. Ya shiga ɗakin nan mai sanyi, ya buɗe ƙaramin tulu, ya ɗanɗana. Tsamin yana nan. Ya ce a ransa, ko dai ni ne na wahalar da matar nan a banza? Amma bai yi saurin tashi ba. Ya haɗiye, ya jira. Bayan tsamin ya wuce, sai ya ji wani abu ya rage a can ƙarshen harshensa, siriri, kamar ƙanshin furen lemo da iska ta kawo daga nesa. Bara babu wannan. Sai ya cika tulun har baki don kada iska ta sami wurin zama, ya mayar da yumɓu, ya fito.

Ya ce mata, "Yana tafiya. Bai iso ba, amma yana kan hanya. Ki ƙara mini haƙuri."

Ta dube shi, ta ga babu alamar shakka a fuskarsa. Ta ɗauki taɓaryarta ta tafi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, wata kuma ta sāke biyowa. Furfura ta fara fito masa. Yakan shiga ya duba ko yumɓu ya tsage, ya gyara, amma ba ya yawan buɗewa. Rannan da kaka, bayan an gama tsinkar inabi, ya buɗe tulu ya zuba a ƙoƙo. Koren nan ya tafi, ruwan ya zama kamar narkakken man shanu. Ƙanshi ya cika ɗakin. Bai sha ba, sai ya kai wa matarsa inda take zaune.

Ta kurɓa. Ta ji zaƙi kamar na saƙar zuma, ta ji wani gardi kamar na soyayyar gyaɗa. Tsamin nan kuma yana nan, amma ya yi laushi, shi ne ma yake riƙe da sauran don kada su gundure ta.

Ta ce, "Me ka zuba a ciki?"

Ya ce, "Ban zuba kome ba."

Ta dubi ƙoƙon. Sa'an nan ta ce da ƙaramar murya, "Waɗanda na ba ƙanena fa? Su ma haka za su zama?"

Ya ce, "Inabi ɗaya ne. Rana ɗaya muka matse su."

Hawaye suka zubo mata. Ya zauna kusa da ita ya ce, "Yunwa ce ta sa, ni ma kuma na yarda. Tashi ki kira ƙanenki da maƙwabta, abin da ya rage ya ishe mu duka."

To, 'yan'uwa, kada wani ya tafi gida ya ce malamin makarantar Lahadi ya aike shi neman abin sha. Ga ma'anar misalin.

Mai gonar nan kowane mutum ne da Allah ya danƙa wa wani rai a hannunsa: uba, uwa, malami, dattijon ikilisiya. Ruwan inabin kuwa 'ya'yanmu ne, da sababbin masu bi. Da yawansu suna da tsami. Ka ce a yi kaza, su tambaye ka dalili. Ka yi kuskure, su faɗa maka a gaban mutane, ba su iya taunar magana ba tukuna. Aikinka na fari shi ne ka ɗanɗana da kyau. In zunubi ne, kamar ƙarya ko sata ko mugunta, wannan tsamin lalacewa ne, ka tsawata, kada ka ce lokaci zai gyara. Amma in gaskiya ce da ba ta nuna ba, kada ka zubar da ita.

Zuman nan shi ne gyaran waje da muke yi don kunyar idon mutane. Mukan koya wa yaro ya ce "to" alhali zuciyarsa tana cewa "a'a", ya haddace addu'a mai daɗi wadda bai gaskata ba. Kowa zai yaba maka, har ranar da zafin gwaji zai sauka, abin da aka danne ya tafasa. Sauri ya haifi nawa.

Ɗaki mai sanyi shi ne addu'a, da Maganar Allah, da gidan da ba a yawan tsawa. Jiran zai ci maka wani abu, mutane kuma za su yi magana. In ka riga ka yi gaggawa da wani har ya fashe a hannunka, ka tuba, Ubangiji mai jinƙai ne, ka kula da waɗanda suka rage.

Ku kuma matasa da ake ce muku masu tsami, kada ku zuba wa kanku zuma don a so ku, kada kuma ku yi fahariya da tsaminku. Ku zauna inda Ubangiji ya ajiye ku. Shi da ya dasa ku ya san ɗanɗanonku tun yanzu, ya kuma san ranar da zai buɗe tulun.