Wadda Za Ta Tafi da Iya Gwamma

"Ku da ba a gwada ku ba, ta ina za ku san yawan waɗanda suka mutu?" in ji Zinaru, tana tura gilashinta sama da ɗan yatsa.

"Gwaji?" Dela ta tafa hannu. "Sai an zura mana tsinke a hanci za mu san muna da rai? Yaya Zinaru, gero ne ya tsare mu a Nijar. Gero da zogale da rana. Ku kuwa can Ingila kaza ta yi wata shida a firij, ku ɗauko ku ɗumama ku ce kun ci abinci. Ai dole tari ya kayar da ku."

"Tsofaffi ne suka yi mana yawa, malama. Inda nake aiki akwai mai shekara ɗari da biyu, tana shafa jan baki. A Maraɗi kuwa ko takalmi kika jefa, kan yaro zai faɗa."

"Ku rufe min baki ku duka," in ji babbarsu Kubura, da Hausarta ta zangon Kumasi. "Mu a Gana mun haɗa biyun. Mun wanke hannu har ya yi fari, mun ci barkono har cutar da kanta ta yi atishawa ta gudu."

Iya Gwamma na gefe a kan tabarma, agwagwarta na kiwo kusa da ita, tana tsinke zogale, tana jin su. 'Ya'yanta ke nan su uku, aure da neman abinci sun raba su ƙasa uku, sai yanzu, shekara biyu bayan annobar sarƙewar numfashi, suka haɗu a tsakar gidanta da ke wani gari kusa da Jibiya. Ta san sarai ba don ƙasashe ake wannan musun ba, don ita ake yi. Da safe ta gaya musu gwiwoyinta sun ƙi, zaman kaɗaici ya ishe ta, za ta kulle gida ta bi ɗaya daga cikinsu, wadda ta ceci ranta a lokacin annoba. Kowacce kuwa ta riga ta share mata ɗaki a ranta.

To, ku matso ku ji yadda aka yi, don ku za a bar wa shari'ar.

Duk wanda ya san Iya Gwamma ya san gaisuwarta. In ka kira ta a waya sai ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta bi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta tambayi sanyi, in Zinaru ce ta tambayi Baturiya maƙwabciyarta mai kare, har katinka ya ƙare ba ka faɗi abin da ya sa ka kira ba. Ran nan, ana tsakiyar annobar, Zinaru ta kira, Iya ta ce, "Lafiya lau. Ya gida? To madalla." Iyakar gaisuwar ke nan. Zinaru a gidan kula da tsofaffi take aiki, ta ga yadda cutar ke shigowa: ba ihu, ba faɗuwa, magana ce kawai ke gajarcewa. Ta ce Iya ta karanta mata Ƙulhuwallahu da numfashi ɗaya. Sau uku Iya ta yanke. Ta ce mura ce, ta sha citta da kanumfari, kada wanda ya ji, don tsoronta kada a kai ta inda ake killace mutane. Maƙwabta ma duk sun yarda mura ce. Zinaru ta kira mai unguwa, ta kira liman, ta sake kiran mai unguwa har matarsa ta ce don Allah ya je ko wayar ta huta. Aka sa Iya a a-daidaita-sahu tana zagin Ingila da mutanenta. Likita ya duba ya ce da an ƙara kwana guda, sai dai a zo gaisuwa. Ba don kunnen Zinaru ba, da ba wanda ya san akwai ciwo.

Amma sanin ciwo bai sa mutum numfashi. A asibitin gado akwai, tukunyar iska babu. Guda ɗayan da suke da ita tana kan wani dattijo. Kubura kuwa dillaliyar goro ce a Kumasi, shekara ashirin fatake na sauka a gidanta suna cin wake da shinkafarta har da ƙari. Ba ta san sunan magani ko ɗaya ba, amma ta san lambar kowane direban goro daga Shagamu har Katsina. Ta kira wannan, wannan ya kira wancan, wancan ya tashi surukinsa daga barcin rana. Kafin azahar aka samu tukunya a wani ƙaramin asibiti a Funtuwa. An hana motocin haya tafiya, amma an bar na kayan abinci, sai wani direba mai suna Ɗan Bahago ya ce ya ɗauka. Shi kuma abu mai daraja hanya ɗaya ya san ake ɗaukarsa. Ya naɗe tukunyar ƙarfen nan da ɗanyen ganye kamar huhun goro, ya ɗaure da igiya, duk inda ya tsaya sai ya yayyafa mata ruwa kada ta bushe. Ma'aikaciyar jinyar da ta kwance ganyen sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Aka sa wa Iya iska, ƙirjinta ya buɗe. Ba don wayar Kubura ba, da an san ciwo, an kuma yi jana'iza.

Bayan kwana tara aka sallame ta, sai wata sabuwa ta taso. Hanci ya daina jin ƙamshi, harshe ya daina jin ɗanɗano, Iya ta ce tuwo da tsumma duk ɗaya ne a bakinta, ta juya fuska bango. Ga ciwon suga na jiranta a gefe. Likita ya ce wadda ta tsallake tari, yunwa na shirin ɗauka. An rufe kan iyaka, amma Dela, autarsu, ta ɗora gero da daddawa da busasshen zogale a ka, ta biyo hanyar gonaki da ƙafa tun asuba har ta iso. Ta lallashi Iya, ta ƙi. Ta yi kuka, Iya ta ce ta matsa tana tsare mata iska. Sai Dela ta jawo murhu daidai ƙofar ɗakin, inda Iya ke iya hangowa, ta shiga kaɗa miyar kuka a ruwan da bai tafasa ba, ta zuba daddawa ba ta daka ba, tana juyawa da bayan ludayi tana waƙa.

"Ke! Wa ya koya miki wannan ɓarnar?" Muryar da aka yi mako ba a ji ba ta fito. "Miƙo in ji abin da kika kashe."

Ta ɗanɗana ta ce ba gishiri, alhali ba ta ji komai ba. Aka ƙara, ta ɗanɗana ta ce ya yi yawa. Aka kawo tuwon gero don a gwada miyar da shi. Da gwaji da faɗa kwano ya ƙare. Wata guda cur Dela na ɓata girki da gangan, Iya na gyarawa tana cinyewa, har ranar da ta yamutsa fuska ta ce daddawar Maraɗi wari gare ta. Dela ta rangaɗa guɗa, don hanci ya dawo. Ba don hannun Dela ba, da iskar Funtuwa ta tafi a banza.

Shi ne yau ake wannan musun a tsakar gida.

"Da ban ji numfashinta ba, wa za ki kai wa iskar?" in ji Zinaru.

"Da iskar ba ta zo ba, sai ki yi ta saurare daga Ingila har a shafa fatiha," in ji Kubura.

"Sannunku da riƙe waya," in ji Dela. "Ni ƙayar da na taka a hanya har yanzu tana cikin diddigena. Iya, faɗa musu."

Su ukun suka juyo. Iya Gwamma ta karkaɗe zogalen da ke zaninta, ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ranta fari ƙal, don rabon da gidan ya yi irin wannan hayaniya ta manta. Ta gyara murya kamar alƙali.

"A cikin ƙasashen nan naku uku," ta ce, "wacce ce ke yi wa agwagwa fasfo? Don ba inda za ni ba ita."

'Ya'yan suka dubi juna.

To, jama'a, Iya ta zame, ta bar muku. Ga wadda ta ji ciwon daga nesa, ga wadda ta aiko da numfashi a cikin ganyen goro, ga wadda ta ɓata miya don uwa ta ci. Wace ce a cikinsu ta fi cancanta ta tafi da Iya Gwamma?