Jan Rawanin Jhagru

Ranar da Phulmati ta fara ganin Jhagru, yana tsaye cikin kwamin jiƙa baba, ruwa iya ƙugu, yana bugun shuni yana waƙa. Muryar ta kwana a kunnenta. Sai da ta tare ta gane mai muryar mayen yabo ne.

A yankinsu na Champaran ƙasa ta Bature ce. Duk manomin da ke zaune a kanta dole ya ware kashi uku cikin ashirin na gonarsa ya shuka baba. Kowa na yi yana tsaki. Wata shekara Bature ya dafa kafaɗar Jhagru a gaban jama'a, ya ce babu ganye irin nasa, ya ba shi jan rawani. Shi ke nan, kai ya kumbura.

"Bana baba zan zuba ko'ina, har fadamar shinkafa," in ji shi.

"Maigida, uku aka ce, ba ashirin ba. Mu ci me?"

"Ba ki san harkar manya ba. Bature ya san sunana!"

"Ai ya san sunan dokinsa ma."

Da ta gaya masa ana raɗe-raɗin Jamusawa sun fara haɗa shuni ba ganye, dariya ya yi. "To su tatso madara ba saniya mana!"

Baba ba ya jira: in an yanke da safe, a jiƙa shi a ranar. Manoma kan yanka kaɗan-kaɗan, sai an aiko daga gidan Bature. Jhagru bai jira aike ba. Ya yanke gonar kaf rana ɗaya, don gari ya ga amalanke shida a jere, shi a gaba da rawaninsa.

Da ya isa gidan Bature, ya tarar da kwamin a bushe. Maigadi ya ce, "An daina. Rake Bature ke so yanzu."

Kafin magariba ganyen ya yi baƙi yana wari. Lokacin dashen shinkafa kuwa ya wuce.

Bayan kwana uku, wan Phulmati ya zo tafiya da ita. Ta dubi Jhagru ya haɗa kai da gwiwa, ta ja dogon tsaki, ta ajiye ƙunshinta.

"Yaya, koma gida. Kai kuma maigida, saurara. Na yi alkawari ba zan bar ka ba, ko kanzo za mu ci. Amma daga yau tukunyar iri a ɗakina za ta zauna."

Mai karatu, wanda ya yaba maka don amfanin kansa ba zai ci da kai ba ranar yunwa. Kafin ka burge na waje, ka saurari wadda kuke cin tukunya ɗaya.