Mai Gidan da Ya Jira a Roƙe Shi

Akwai wani mutum mai gida a wani gari da ke kan duwatsu, inda sanyi yakan sauka tun kafin Kirsimati, ya yi wata biyu ko uku bai ɗaga ba. Gidansa babba ne. Shi da iyalinsa suna zaune a sashen gaba, a baya kuma akwai ɗakuna shida da ya ba 'yan haya. Mutumin nan ba mugu ba ne. Yana tsoron Allah, ba ya fashin sujada, ba a kuma taɓa jin ya watsar wa ɗan haya da kaya waje ba. Doka ɗaya kawai ya kafa. Tun ranar da ya yi wa gidan sabon fenti, ya hana hura itace ko gawayi a tsakar gida, don kada hayaƙi ya ɓata masa bango. Saboda haka kowane ɗaki da tukunyar gas yake girki.

A ɗaki na ƙarshe, kusa da rijiya, akwai wani tsohon kafinta mai suna Yunana da matarsa Keziya. A zamanin ƙarfinsa, Yunana ne ya yi bencinan majami'ar unguwar, bai karɓi ko kwabo ba, mutane da yawa kuma sun ci tuwo a gidansa. Amma idonsa ya raunana, hannunsa ya soma rawa, aiki ya tsaya. 'Ya'yansu biyu suna nesa, abin da suke aikowa kuwa ba ya kai su ƙarshen wata. Keziya tana fama da sanyin ƙashi. In ba a gasa mata gwiwoyi da ruwan zafi safe da yamma ba, ba ta iya miƙewa tsaye.

Sai ya zama wata shekara sanyi ya zo da ƙarfi, kuɗin gas kuma ya tashi har ya kusa ninkawa. Mai gidan ya ga haka, ya ji tausayi. Ya sayi ƙananan tukwane biyu, ya sa aka cika su, ya ajiye a ɗakin ajiyarsa. Ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, ya tara 'yan hayarsa a tsakar gida, ya ce musu, “Na san lokaci ya yi wuya. Duk wanda gas ya gagare shi, ya zo ya faɗa mini. Ƙofata a buɗe take, kada kowa ya ji kunya.”

Suka yi masa godiya, ya koma ɗakinsa da farin ciki. Washegari wani ɗan haya mai albashi, mai babur, ya zo ya karanto masa wahalarsa, ya ɗauki tukunya ɗaya. Ɗayar ta zauna a wurinta.

Kwanaki suka wuce. Da can mai gidan yakan ga Yunana ya rungumi 'yar tukunyarsa zuwa wurin cikawa kowane mako uku. Yanzu mako biyar ke nan bai gan shi da ita ba. Ya kuma lura Keziya ta daina fitowa shan hantsi a bakin ƙofa. Ya gani, ya ajiye a ransa, ya ce idan da damuwa ai za su yi magana.

Matarsa ce ta fara buɗe baki. Ta ce, “Maigida, jiya Baba Yunana ya zo da buta, ya ce in taimaka masa da ruwan zafi, wai kan tukunyarsu ne ya lalace. Shekaranjiya ma wurin maƙwabciyarsu ya je. Kuma sau ɗaya nake jin motsin girki a ɗakin nan a yini. Ka ɗauki tukunyar nan ka kai musu mana.”

Ya amsa ya ce, “Dattijo ne mai mutunci. In na kai masa bai roƙa ba, zai ce na raina shi. In kuma na fara kai wa mutane har ɗaki, gobe kowa zai kwanta yana jiran tasa. Ai na faɗa a gaban kowa, yana wurin.”

Ta ce, “Shi ya sa ba zai zo ba.”

Maganar ta tsaya masa a rai. Da yamma ya zaga baya, ya tarar da Yunana a bakin rijiya yana jan ruwa, mata uku kuma suna wanki a gefe. Ya ɗaga murya ya ce, “Baba, yaya sanyi?”

Tsohon ya ce, “Lokacinsa ne, ɗana.”

“Mama fa, yaya jiki? Babu dai wata damuwa ko? Gas yana nan?”

Matan suka rage sautin wankinsu. Yunana ya dube su, ya dubi gugan da ke hannunsa, sa'an nan ya yi murmushi ya ce, “Da godiya. Muna nan cikin alherin Ubangiji.”

Mai gidan ya ji kamar an sauke masa kaya. Ya koma ya ce wa matarsa, “Kin gani? Na tambaye shi da bakina, ya ce lafiya.”

Bayan kwana huɗu aka yi wani sanyi wanda har ruwan randa ya gagari hannu. Da safe hantsi ya ɗaga, ƙofar ɗaki na ƙarshe tana rufe. Yunana kuwa shi ne yakan riga kowa fitowa. Maƙwabciyarsu ta ƙwanƙwasa, ta kira, ba a amsa ba. Aka kira mai gidan. Ya sa kafaɗa ya ɓalle ƙofar.

Wani zafi mai nauyi ya bugi fuskarsa. Ga kasko a tsakiyar ɗaki cike da toka, da buta a kansa. An cusa tsummoki a ƙarƙashin ƙofa, an toshe taga da kwali, don kada sanyi ya shigo, don kada kuma warin gawayi ya fita a sani. Yunana yana kwance a ƙasa kusa da ƙofa, yana numfashi da ƙyar. Keziya tana kan gado, an lulluɓe mata gwiwoyi da zane biyu. Ta riga ta yi sanyi.

Aka kai Yunana asibiti, ya yi kwana biyu kafin ya san inda yake. A rana ta huɗu aka binne Keziya. A wurin jana'izar, mutane suka yi ta yabon mai gidan, gama shi ya ɗauki nauyin asibiti, shi ya sayi akwati. Kowane yabo kuwa kamar ana soka masa allura ne.

Da baƙi suka watse, ya shiga ɗakin ajiya, ya ɗauki tukunyar a kafaɗarsa, ya ratsa tsakar gida. Ya sami Yunana zaune a bakin gado shi kaɗai. Ya sauke tukunyar a gabansa, ya durƙusa, ya ce, “Baba, tun farkon sanyi wannan tana ɗakina. Saboda irinku na saya. Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Na tambaye ka.”

Tsohon ya dubi tukunyar. Sa'an nan ya ce, “Ka tambaye ni, gaskiya ne. A bakin rijiya, mata suna ji. Ɗana, sau uku na zo har ƙofarka. Ran farko kana da baƙi. Rana ta biyu na ji kuna dariya da iyalinka, na ce ba zan shigo muku da baƙin ciki ba. Rana ta uku babu kowa, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa, hannun ya ƙi. Shekara arba'in ni ake zuwa wa. Ban san yadda ake farawa ba.”

Mai gidan ya ce, “Ka gafarta mini, Baba. Ka karɓa ko yanzu.”

Yunana ya ɗora hannu a kan tukunyar, ya ji nauyinta, ya ce, “Na gafarta maka. Allah ya sāka. Amma wa zan dafa wa ruwa?”

Bayan mako ɗaya 'yarsa ta zo ta tafi da shi garin mijinta. Bai ƙara dawowa ba. Mai gidan ya janye dokarsa, ya gina ɗakin girki mai taga a bayan gida inda kowa zai iya hura abin da yake da shi. Amma har ya tsufa, bai sake ba kowa hayar ɗakin nan na ƙarshe ba.

To, ga ma'anar wannan misali, ya ku 'yan'uwa.

Mai gidan nan mu ne, mu da muke cikin ikilisiya muna da ɗan abin hannu. Tukunyar da ya ajiye ita ce kyakkyawar niyyarmu. Niyya ce ta gaske, ya biya kuɗinta, amma ba ta ɗumama kowa ba, gama tana kulle tana jiran a zo a sunkuyar da kai. Dokar bango kuwa ita ce abubuwan da muke tsarawa don jin daɗinmu, ba mu tsaya mun tambayi wanda za su danne ba.

Yunana shi ne ɗan'uwan da yake zama kusa da kai kowace Lahadi, rigarsa a wanke, a goge. In ka ce masa yaya gida, zai ce da godiya. Ba ƙarya yake so ya yi ba. Mutuncinsa ne kaɗai ya rage masa, kai kuwa kana so ya biya ka da shi kafin ka taimake shi. Sau da yawa mai saurin roƙo ba shi ne ya fi bukata ba.

Ku tuna yadda Ubangiji ya yi da mu. Bai zauna a sama ya yi shela cewa mai bukatar ceto ya hau ya same shi ba. Shi ya sauko, ya neme mu tun ba mu san yadda za mu roƙa ba.

Don haka a wannan sanyi, kada ku tsaya ga sanarwa a gaban jama'a. Matan zumunta, kun san gidajen da wuta ba ta kamawa sai sau ɗaya a yini. Ku dafa tare, tukunya ɗaya ta ciyar da ɗaki biyu. Dattawa, abin da ikilisiya ta tanada, a kai shi a ɓoye, ba tare da kiran suna ba. Wanda zai je cika tukunyarsa, ya ɗauki ta tsohon da ke maƙwabtaka da shi, ya ce hanya ɗaya ce. Ku kuma gargaɗi kowa, kada a rufe ɗaki da garwashi a ciki, gama hayaƙinsa ba ya ihu, kisa yake yi shiru.

Kai kuma da kake cikin rashi kana ɓoyewa, ɗan'uwana, karɓa ba zunubi ba ne. Ka bar mu mu yi maka hidima.

Na san tun ina ba da labarin nan, akwai sunan da ya faɗo wa kowannenku a rai. Kada ka kai sunan nan gida ka yi masa addu'a kawai. Sanyin bana yana da sauran mako shida. Ka je yau, kafin ka ci abincin rana.