Magudanar da Aka Shafe da Siminti

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, Bakano, mai haɗa wa 'yan kasuwa kaya a Dubai, kusa da kasuwar Murshid Bazaar. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana raye, kuma abin da ke cinsa ya ishe shi.

Sitonsa a ƙarƙashin ƙasa yake, sai an sauka matakala goma sha biyu. A tsakiyar daɓen akwai magudanar ruwa mai murfin ƙarfe, ga injin zuƙe ruwa a gefe. Gogan naku ya duba, ya ga wurin zai ci dila shida ta atamfa. Sai ya sa aka shafe magudanar da siminti, ya cire injin, ya jera kaya.

Maƙwabcinsa Mutari, mutumin Maraɗi, ya ce masa, "Alhaji, layin nan kwari ne fa."

Ya yi dariya ya ce, "Habibi, nan Dubai ce, ba Kurna ba. Wane ruwa? Khalas, magana ta ƙare!"

Mutumin da ya tashi yana yasar kwata da 'yan unguwarsu kafin kowace damina, yau shi ke yi wa ruwa dariya, don ya ga dogayen benaye.

Ana nan sai mahaifiyarsa ta zo daga Kano neman maganin gwiwa. Yana da gida a unguwar International City, amma kowane gado ya ba baƙin 'yan kasuwa haya. Sai ya share mata lungu a cikin siton, ya shimfiɗa darduma da katifa, wai nan ya fi kusa da asibiti. Da yake an hana kwana a sito, duk lokacin da zai fita sai ya garƙame ƙofar da kwaɗo ta waje, kada a gane da mutum a ciki. Tsohuwa ta haƙura ta zauna. Wace uwa ce za ta tona ɗanta?

Kwana biyu saƙon gargaɗi yana shigowa wayoyin mutane, cewa ruwa mai ƙarfi yana tafe. Mutari ya jera buhunan yashi a ƙofarsa, ya miƙo masa ragowar. Gogan naku ya ce ba shi da lokaci. Da hantsi ya kulle ƙofa, ya tafi International City ɗauko kaya.

Da la'asar gari ya yi baƙi. Ruwa ya sauko, tituna suka koma kogi, tasin da ya hau zai dawo ta mutu a tsakiyar hanya. Sai wayarsa ta yi ƙara.

"Ɗana, ruwa yana gangarowa ta matakala."

Ya ce ta hau kan dila. Ta sake kira, ruwa ya kai mata ƙugu. Ya fita daga motar, ya kutsa cikin ruwa, ya faɗi, ya tashi. Ina zai je? Tsakaninsa da ita tafiya ce mai nisa, makullin kuma yana aljihunsa. Ya tsaya yana kuka kamar yaro, yana kiranta, wayar ba ta ƙara shiga ba.

Sai ya kira Mutari a waya. Mutari da wasu mutum huɗu suka yi ta dukan kwaɗon a cikin ruwa har ya ɓalle. Sun same ta a saman kaya, tana rawar sanyi, tana salati. Suka garzaya da ita asibiti.

Sai washegari ya iso asibiti, ya tarar ba ta gane mutane. Kwana uku ta cika. Bayan an rufe ta, Mutari ya ja shi gefe ya faɗa masa maganarta ta ƙarshe: "Kada ka gaya wa 'yan uwansa inda ka same ni."

Ya 'yan uwa, ruwa na Allah ne, ba wanda ya isa ya hana shi sauka. Amma wa ya toshe magudana? Wa ya ƙi jin gargaɗi? Wa ya kulle ƙofa? Kada mu yi sakaci mu ce ƙaddara. Duk wanda ke zaune a kwari, ya buɗe wa ruwa hanya tun sama tana fari, ya duba wa ya bari a ƙasa.

Allah ya jiƙan iyayenmu. Allah ya raba mu da kwaɗayin da ke rufe ido, da nadamar da ba ta da magani. Allah ya kiyaye mu.